Delbert Matsoraci da Jiniyar Ranar Talata

Faɗan da Delbert Vondracek ya fi shan ƙasa a cikinsa, a kan rami aka yi shi.

Shekarar da suka tare a gidansu na bakin layin dogo, shi da matarsa Arlene, ya kwashe wata uku yana haƙa rami a bayan gida, daidai wurin da ta ce za ta shuka tumatir. Ya zuba siminti, ya yi masa ƙofar ƙarfe mai sakata biyu, ya sa benci da fitila da jarkar ruwa. Mafakar guguwa ce, wadda ko gwamna ba shi da irinta. Ya gama ranar Juma'a. Ranar Litinin ya dawo daga aiki, ya buɗe ƙofar don ya gai da raminsa, sai ya tarar babu wurin sa ƙafa: buhunan dankali, kwalaben kokwamba da ta jiƙa a ruwan tsami, kabeji, albasa, har da keken ɗinkin uwarta.

Ni maƙwabciyarsu ce, shingen katako kawai ya raba mu, kuma ba a taɓa zargina da toshe kunne ba.

"Arlene! Wannan wurin fa na mutane ne!"

"To dankalin na wa ne? Na shanu?"

"In guguwa ta zo, ina za mu shiga?"

"Kai ka shiga mana. Ai ba ka da wani auki, ka kawar da kabeji biyu ya ishe ka."

"Ke fa?"

"Ni ina baranda ina kallo, kamar kowane mai hankali. Shekarata ashirin da shida a duniya, guguwa ba ta taɓa yi mini sallama ba. Amma hunturu kowace shekara sai ya zo, kuma kai ne mai tambayar abinci sau uku a rana."

"Zan fitar da su."

"Fitar. Ka taɓa kwalba ɗaya, a ramin nan za ka ƙarasa aurenka."

Bayan kwana uku aka yi sulhu. Ta kawar da keken ɗinkin, ta bar masa wurin da bokiti ɗaya zai shiga a bayan ƙofa, in ya kifa shi ya zauna gwiwarsa na taɓa haɓarsa. Ya yi mata godiya. Da kunnena na ji, godiya ya yi.

Delbert ya rasu a farkon hunturun nan yana da shekara tamanin da tara, a kan gadonsa, bayan ya sha shayi, wato irin mutuwar da bai taɓa sa rai da ita ba. Jaridar garinmu ta ba shi layi huɗu, ɗaya ma sunan cocin da za a yi addu'a ne. Shi ya sa na ɗauki biro. Sunana Wilma. Shekara talatin da ɗaya na yi ina dafa wa jami'ar garin nan abinci, na ciyar da farfesoshin da ko ƙwai ba su iya dafawa ba, kuma yanzu na kai shekarun da duk abin da na faɗa sai dai a ce tsufa ne.

Garinmu Tolliver yana tsakiyar Illinois, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, masara gabas, masara yamma, babu tudun da zai tare iska. Abin taƙamarmu biyu ne: jami'a, da Zauren Fitattu da ke cikinta. Dogon gini ne mai rufin gilashi a tsakiya, bango cike da hotunan manyan mutanen da garin ya haifa, ko dai yake cewa ya haifa. Akwai sanatan da ya shekara goma sha biyu a majalisa ba a ji muryarsa ba sai ranar da ya nemi a rufe taga. Akwai mawaƙiyar da iyayenta suka bar garin tana da wata bakwai, wadda da aka tambaye ta ko ta san Tolliver, ta ce ba ta shan irin wannan maganin. Akwai janar ɗin da ya isa fagen daga washegarin da aka gama yaƙi. Akwai kuma likita ɗaya da malamar makaranta ɗaya, waɗanda gaskiya sun cancanta, shi ya sa aka rataye su can kusa da banɗaki. Rabin mutanen nan, ƙananan garuruwan da ke kewaye da mu, Ansel da Pruitt, suna rantsuwa nasu ne muka sace. Muna da jami'a, su ba su da ita, don haka mu muke rubuta tarihi.

Wannan zauren Delbert ya yi wa hidima shekara talatin da huɗu. Shi ne mai shara, shi ne mai makullai, shi ne mai kula da tukunyar ɗumama gini da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ɗan siririn mutum ne, wuyansa kullum a karkace, domin ido ɗaya yana kan tsintsiya, ɗayan yana kan gajimare. Ƙaramar rediyo ba ta barin aljihun rigarsa. Ɗalibai suna kiransa Mai-kallon-sama, kuma yana amsawa.

A gona aka haife shi, can wajen Ansel. Yana da shekara tara guguwa ta bi ta kansu. Uwarsa ta ja shi zuwa rumbun ƙarƙashin ƙasa, ubansa ya ce yana zuwa, bari ya ga ta ina za ta bi. Daga ranar tsoro ya shiga Delbert bai fita ba. Mu kuwa a nan, tsoron sama abin kunya ne. In jiniya ta yi kuka, mata su tattara yara, maza su fita baranda, hannu a aljihu, suna cewa, "Wannan arewa za ta yi." Haka kakanninsu suka yi, haka jikokinsu suke yi har yau, sai dai yanzu suna ɗaukar hoto.

Kuma Delbert bai taimaki kansa ba. Ya taɓa korar aji guda daga ɗakin jarrabawa saboda wani baƙin hadari, daga baya aka gano wani manomi ne ke ƙona tsoffin tayoyi. Ɗaliban sun ɗauke shi a kafaɗa don murna, hukumar jami'a ta ba shi takardar gargaɗi.

Sai ku riƙe wani abu guda. A jiharmu, ranar Talata ta farko a kowane wata, ƙarfe goma na safe, ana gwada jiniyar guguwa. Ta yi kuka minti ɗaya ta yi shiru. Tun muna yara muke jin ta, har mun daina jin ta. Ba mai ɗaga kai. Abin da kowa yake yi shi ne ya duba agogonsa ya gyara shi.

Ranar da nake son ba ku labari Talata ce, ta farko a watan Mayu, shekara arba'in da suka wuce. Za a rataya hoto na ashirin da huɗu, na marigayi Cornelius Tebbe, wanda ya haɗa wani irin masara mai jure fari. Mutanen Ansel sun ce a garinsu aka haife shi, har gadon da aka haife shi a kai suna da shi, don haka suka ciko motar bas biyu suka zo, fuska a murtuke, don su ga ƙarshen rashin kunyarmu. An kawo 'yar marigayin, Mis Tebbe, tsohuwa mai shekara casa'in da ɗaya a keken guragu, ba ta ji sosai. Shugaban taro Farfesa Hollenbeck ne, malamin tarihi, mutumin da in ya ce "a taƙaice" sai ka cire takalmi ka miƙe ƙafa. Ni ce da kofi da kek ɗin tuffa na mutum ɗari biyu, Arlene ta zo taya ni yanka. Mijina Vernon ma ya zo, ba don masara ba, don kek.

Tun safe jikina bai ba ni ba. Wani irin zafi mai danƙo, kamar an jiƙa bargo an lulluɓe garin. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Ƙarfe tara da rabi Delbert ya shigo ɗan kicin ɗin da ke bayan zauren, fuskarsa kamar garin alkama.

"Wilma, babu tsuntsu ko ɗaya a waje."

"Wataƙila sun ji Hollenbeck ne zai yi jawabi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na buga wa ofishin 'yan kwana-kwana waya. Sun ce yau babu gwaji, an soke, saboda ba sa gwadawa in sama ta ɓaci. Kin gane? In ta yi kuka yau, da gaske ne. Kuma ba wanda ya sani a zauren nan sai ni."

Wuƙar da ke hannun Arlene ta tsaya. Na ce ya je ya gaya wa Farfesa.

Ya je. Daga bakin ƙofa na ga yadda aka yi. Hollenbeck yana gyara rigar farfesoshi a gaban hoton sanata, yana amfani da gilashin kamar madubi.

"Mista Vondracek, ka taɓa karanta tarihin guguwar jihar nan?"

"A'a, Farfesa. Na dai taɓa shiga ɗaya."

"To ni na karanta. Da yamma suke zuwa, bayan rana ta gasa ƙasa. Da safe ba sa zuwa. Je ka duba ko lasifika tana aiki."

Aka fara taro goma saura kwata. Mutum ɗari biyu da goma sha uku a ƙarƙashin rufin gilashi. Ina tsaye a baya, sai na ga hannuna ya canja launi. Na ɗaga kai. Hasken da ke saukowa daga gilashin ya zama kore, irin koren ruwan kududdufi, fuskokin mutane duk suka koma kamar na marasa lafiya. Ba wanda ya kula. Hollenbeck ya kai shekarar da kakan marigayin ya sayi alfadari.

Goma da minti biyu, jiniya ta ɗauka.

Har yau ban manta abin da na gani ba. Hannaye ɗari biyu suka ɗago a tare, kowa ya duba agogonsa. Wani dattijo a gabana ya yi tsaki, ya mayar da nasa baya da minti biyu. Hollenbeck ya yi murmushi ya ce, "Kun ji, har hukuma tana yi wa marigayi guɗa." Aka yi dariya, har 'yan Ansel.

Minti ɗaya ya wuce. Ba ta yi shiru ba.

Delbert ya fito tsakiyar zaure da tsintsiya a hannu, muryarsa na rawa kamar ta akuya. "Jama'a, ba gwaji ba ne! An soke gwaji! Ku sauka ƙasa, don Allah!"

Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Mai-kallon-sama, yau kuma taya nawa aka ƙona?" Zauren ya ɗauki shewa. Maza kamar ashirin suka miƙe, ba don su sauka ba, sai don su fita matattakalar gaba su ga ta ina za ta bi. Vernon ne na uku a layi. Hollenbeck ya buga tebur ya ci gaba da alfadari.

Delbert ya dawo wurina da gudu. Bai taɓa riƙe hannuna ba tsawon zamanmu, ranar ya riƙe, yatsunsa kamar ƙanƙara.

"Rediyo ta ce ta sauka a Pruitt. Nan take yowa. Minti goma sha biyu, ko ƙasa da haka."

"To me za mu yi? Ba za su bi ka ba, Del."

"Ni ba za su bi ni ba. Amma za su bi kek. Ku kwashe komai ku kai ƙasa. Sannan ki fito ki ce an shirya abin sha a ɗakin ƙasa, kuma ba zai ishi kowa ba."

Arlene ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Sai ta sungumi tire biyu. Shi kuma ya rungumi tukunyar kofi mai zafi da hannu biyu ya gangara da ita, a hanya ya ja makunnin wutar lasifika. Muryar Hollenbeck ta mutu a tsakiyar kalma.

Ni Allah bai ba ni kyau ba, amma ya ba ni murya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Wuta ta lalace, za a ɗan huta! Kofi da kek suna ƙasa! Amma ku yi haƙuri, ban san baƙi za su yi yawa haka ba, na mutum ɗari kawai na yi!"

'Yan Ansel ne suka fara miƙewa. An ƙwace musu mutum, ba za a ƙwace musu kek ba. Da namu suka ga haka, su ma suka zabura.

Na ce shi ke nan, mun tsira. Ashe na manta da wace irin al'umma nake ciki. Matattakalar ɗakin ƙasa siririya ce, mutum biyu ne ke iya bi a jere, kuma a bakinta duk tarbiyyar da iyayenmu suka ba mu ta taru ta toshe hanya.

"Bismillah, ke fara."

"A'a, haba, ke kika riga ni."

"Ai ba sauri nake ba."

"Wannan rigar a ina kika saya?"

A lokacin ƙanƙara ta fara sauka a kan gilashin, da farko kamar ana watsa tsakuwa, sannan kamar ana jifa da dankali. Wani gilashi ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, da wata ƙara siririya da ta shige mini haƙori. Na ga matar shugaban jami'a ta tsaya tana riƙe wa mutane ƙofa tana murmushi, na kama ta a kafaɗa na tura. Na tura fasto. Na tura wata mata da ban sani ba, har yau ba ta gaishe ni. Ina turawa ina cewa, "Ku wuce, ku wuce, kek na ƙarewa!" alhali abu ɗaya ne a raina: Vernon yana waje.

Delbert ya hauro daga ƙasa. Ya dubi ƙofar gaba. Mutumin nan, in aka yi tsawa yana shara, a ƙarƙashin tebur ake samunsa. Ya ajiye rediyon a kan kujera kamar mai barin wasiyya, ya nufi ƙofar. Na bi shi har bakinta, daga nan ƙafata ta ƙi.

Ƙanƙarar ta tsaya cak. Babu iska, babu komai, sai jiniya. Can kudu maso yamma, bayan filin ƙwallo, sama ta sauko ƙasa. Ba siririya ba ce irin ta hoto. Faɗi gare ta kamar unguwa guda, baƙa, tana juyawa a hankali, kuma a gefenta wasu abubuwa suna shawagi kamar takardu. Da na ƙura ido sai na ga rufin gidaje ne. Ba ta yin dama, ba ta yin hagu. Girma kawai take yi.

Mazan suna tsaye a jere, hannu a aljihu. Wani ya ce, "Arewa za ta yi." Amma muryarsa ba ta fita sosai ba. Na lura da wani abu: duk sun tsorata, kowannensu, wuyansu ya jiƙe da gumi. Sai dai babu wanda zai yarda ya zama na farko da ya juya.

Delbert bai ce musu guguwa ba. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ina neman taimako. Akwai teburan itace biyu da za a saukar ƙasa, ga Mis Tebbe da kekenta, ni kuma bayana ba ya ɗaukar nauyi. Ko akwai masu ƙarfi?"

Ban taɓa ganin maza sun yi murna da aiki kamar ranar ba. Suka juya gaba ɗaya, suna tuntuɓe da juna. Mutum takwas suka ɗauki tsohuwa ɗaya da ba ta fi kaza nauyi ba. Tebur guda, mutum shida.

Saura Vernon. Mijina, Allah ya jiƙansa, taurin kai ne sana'arsa ta farko, gyaran tarakta ta biyu.

"Je ka, Del, ina zuwa. Bari in ga ta ina za ta bi."

Na yi ihu na kira sunansa, na kira shi da wasu sunayen da ba zan rubuta ba. Iska ta fara ja, ba turowa take ba, ja take, rigata ta miƙe gaba. Ƙarar ta iso, irin ta jirgin ƙasa na kaya, sai dai babu layin dogo a wannan gefen.

Delbert ya matsa kusa da shi, ya ce a hankali, amma na ji: "Vern, kalmomin da babana ya faɗa ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu muna nema. Takalminsa ɗaya muka samu a gonar maƙwabci, igiyar tana ɗaure yadda ya ɗaura ta da safe. Shi muka binne."

Vernon ya dubi ƙafarsa. Sannan ya juyo, ya kama ni da hannu ɗaya, muka ruga.

A cikin zauren mutum ɗaya ya rage. Hollenbeck ya hau kujera, ya ciro hoton sanata daga bango, yana kokawa da na janar. Ya ga Delbert ya miƙa masa sanata. "Riƙe! Ka ɗauko mawaƙiyar! Yi sauri!" Delbert ya karɓi sanata, ya jingine shi a ƙasa da ladabi, ya kama rigar Farfesa ta baya ya fizgo shi daga kan kujerar. Haka ya ja shi har matattakala, dugadugansa na sharar ƙasa, yana ihu yana cewa zai sa a kore shi. Mu huɗu muka gangara kusan a kan juna. Delbert ya rufe ƙofar ƙarfen, ya danna sakata, ya jingina bayansa da ita.

Fitilu suka mutu.

Ba zan iya gaya muku minti nawa ba ne. An ce bai kai biyu ba. Kunnuwana suka toshe kamar an cusa yatsu. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gwiwata. A sama muka ji gilashin ya tafi gaba ɗaya, sannan wani abu mai nauyi ya faɗo, ya sake faɗowa, ƙura ta zubo mana a ka, bututun tukunya suka fara kuka kamar dabbobi. Ƙofar da Delbert ya jingina da ita tana numfashi, ta kumbura ta lotsa. Wani yana karanta addu'ar Ubangiji yana tsallake rabi. Wata tana kiran sunan 'ya'yanta da ke makaranta a ɗaya gefen gari. Vernon ya matse hannuna har zoben ya shige nama, yana kuka, ni ma ina yi. A cikin wannan duhun babu farfesa, babu ɗan Ansel, babu ɗan Tolliver. Na ji muryar Arlene tana cewa, "Del? Del, kana ina?" da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Sai shiru. Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Ruwa yana ɗiga a wani wuri. Can Mis Tebbe ta ce da ƙarfi, irin na kurame, "An gama jawabin ne?"

Delbert bai buɗe ƙofa ba sai da ya kunna tocila ya ƙirga kawuna sau biyu. Ɗari biyu da goma sha uku. Sannan ya zare sakata, maza huɗu suka tura ƙofar da kafaɗa.

Muka fito cikin sarari. Inda zaure yake, sama ce. Rufin babu, bangon yamma ya kwanta a kan kujerun da muka tashi daga kai, gilashi ya kai idon sawu. Ƙarfen da ke riƙe rufin ya soke kujerar matar shugaban jami'a ya fita ta ƙasa. Hotunan nan ashirin da huɗu, ko ƙusa ba a bari ba. A cikin gari mutum bakwai suka mutu a safiyar, kuma na san biyar daga cikinsu. Su ma sun gyara agogonsu.

Mutane suna tafiya a hankali kamar masu tsoron taka wani. Delbert ya zauna a kan wani guntun bango, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, yana amai. Arlene na tsaye a kansa, hannunta a wuyansa.

Tsoro yana fita daga jikin kowa ta hanyarsa. Wani kuka, wani dariya. Hollenbeck nasa ta faɗa ya fita. Ya tsaya a gaban bangon da ya rage, farar ƙasa a gashinsa, rigarsa a yage, yana kallon tabon da kowane hoto ya bari. Sai ya juyo.

"Minti goma sha biyu ka samu, Mista Vondracek. Sha biyu! Ka sauke kofi. Ka sauke kek. Ka sauke tebura biyu da ba wanda ya tambaye ka. Amma tarihin garin nan na shekara ɗari da talatin, ka jingine shi a ƙasa kamar tsintsiya!"

Vernon ya ce, "Haba Farfesa, ba don shi ba ai da..."

"Ba da kai nake ba! Waɗannan hotunan babu irinsu a duniya. Mai zanen ya mutu. Maza ashirin ka samu a hannunka, da kowa ya ɗauki ɗaya, da yanzu suna nan!"

Wani ɗan Ansel ya ce, "Ai namu guda tara ne a ciki, mu ya kamata mu yi kuka."

"Bakwai," in ji wani namu, ba tare da ya san ya faɗa ba.

"Tara!"

Nan take aka kaure, a tsakiyar gilashi da ƙura, mutanen da minti goma da suka wuce suke rungume da juna. Wasu na cewa Farfesa yana da gaskiya, ko sanata da likita ai da an tsirar. Wasu na cewa ya rufe baki. Ni ma na sa nawa, kuma ba na addu'a ba ne. Hollenbeck ya ratsa su ya tsaya a kan Delbert.

"Ina jiran amsa. Shekara nawa kana goge musu ƙura? Ka san sunan kowannensu. Su ne manyan mutanen garin nan. Me ya sa ka bar su?"

Delbert ya goge bakinsa da hannun riga. Ya ɗago kai, bai dubi Farfesa ba, sama ya fara dubawa, gabas da yamma. Sannan ya ce:

"Farfesa, su duk sun riga sun yi tasu mutuwar. Ni waɗanda tasu ke gaba na kwasa."